Sukuwar Keke a Duwatsun Makka da Ɗa'ifa: Tseren Enduro da Yadda Ake Ɗaura wa Keke Ɗamara

Duk alhajin da ya yi tsayuwar Arfa, in ya ɗaga kai ya dubi gabas, zai hangi jerin duwatsu sun tokare sama kamar ganuwa. Waɗannan su ne duwatsun Sarawat, waɗanda suka miƙa kudu har cikin ƙasar Yaman. Birnin Makka yana kwance ne a cikin kwari, tsayinsa bisa teku bai cika mita 300 ba. Ɗa'ifa kuwa tana can bisa tudu, wajen mita 1,800, sa'an nan garin Hada da ke bakin gaɓar dutsen ya kai kimanin mita 2,000. Watau a cikin tafiyar da mota take yi cikin sa'a guda da 'yan mintoci, mutum yakan hau sama fiye da kilomita ɗaya da rabi.

Tun zamanin da ayarin raƙuma ke bin tsohuwar hanyar nan ta dutsen Kara, wadda aka shimfiɗe da duwatsu, matafiya sun san wuyar wannan hawa. Hanyar mota mai kwane-kwane da ke bi ta Wadi Nu'uman ta haura zuwa Hada, a shekarar 1965 aka buɗe ta, zamanin Sarki Faisal. To, abin da yake wahala ga matafiyi, shi ne abin nema ga masu wani wasa da ya yaɗu a duniya, watau tseren keken dutse da ake kira enduro. A wannan bayani za mu duba yadda ake yin wasan, da dalilin da ya sa masu yinsa suke cewa rabin tseren a gindin keke ake cinsa, da sifana da famfo a hannu, tun ba a hau ba. Za mu kuma ga abin da ya sa shirin da ya dace da duwatsun Turai yake iya jefa mahayi cikin hatsari in ya kwafe shi ya kawo ƙasa mai zafi da ƙaya da tsakuwa, kamar Hijaz ko ƙasar Hausa.

Asalin wasan

Keken dutse ba tsohon abu ba ne. A shekarun 1970 waɗansu samari na gundumar Marin, a jihar Kalifoniya ta Amurka, suka riƙa tsintar tsofaffin kekuna masu kaurin taya suna gangarowa da su daga kan duwatsu. A watan Oktoba na 1976 suka fara tsere a wata gangara kusa da garin Fairfax, mai tsawon kilomita 3 da 'yan kai, wadda take sauka wajen mita 400. Birkin kekunan nan a cikin cibiyar wilin baya yake, kuma kafin a kai ƙasa zafi ya ƙone man da ke ciki har yana hayaƙi, sai an kwance an sake cusa wani. Daga nan tseren ya sami sunansa na Repack, watau sake cusawa. A 1977 Joe Breeze ya ƙera keke musamman domin wannan aiki, a 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper kasuwa da yawa, a 1990 aka yi gasar duniya ta farko a Durango a ƙarƙashin Hukumar Tseren Keke ta Duniya, UCI, kana a 1996 wasan ya shiga Olamfik a birnin Atlanta.

Da tafiya ta yi nisa sai wasan ya rabu biyu. Akwai masu tseren zagaye, waɗanda ƙarfin ƙirji da na cinya ne jarinsu, kekensu mara nauyi. Akwai kuma masu gangara zalla, waɗanda mota ko keken igiya ke kai su ƙololuwa, su sauko cikin minti uku ko huɗu bisa keke mai nauyi da ba ya hawuwa. Amma yawancin masu hawan keke don sha'awa ba haka suke yi ba. Su dai sukan taka a hankali su hau dutse suna taɗi, in an kai sama a yi rige-rigen saukowa. Enduro shi ne wannan al'ada da aka yi wa doka da agogo. Sunan kuwa aro ne daga tseren babura na juriya, wanda tarihinsa ya koma har gasar kwana shida da aka fara a Carlisle ta Ingila a 1913.

A duwatsun Faransa da Italiya wasan ya kafu a farkon shekarun 2000. A watan Mayu na 2013 aka buɗe jerin gasannin enduro na duniya a Punta Ala ta Italiya, inda Fabien Barel na Faransa ya ci a ɓangaren maza, Tracy Moseley ta Ingila ta ci a na mata. A ƙarshen shekarar Jérôme Clementz da ita Moseley suka ɗauki kambi. A 2023 jerin ya koma gasar cin kofin duniya ta UCI, a 2024 kuma aka yi gasar fid da zakaran duniya ta farko a Val di Fassa, a Italiya, wadda Alex Rudeau da Isabeau Courdurier, dukansu Faransawa, suka lashe.

Yadda ake tseren

Akan raba yinin tsere zango-zango, yawanci uku zuwa shida. Kowane zango gangara ce, ko da yake akan tarar da ɗan hawa a tsakiya, kuma a nan kaɗai agogo yake aiki. Ba a sakin mahaya gaba ɗaya; ɗaya bayan ɗaya ake sallamarsu, da tazarar daƙiƙoƙi a tsakani. Daga ƙarshen wannan zango zuwa farkon na gaba, mahayi shi zai kai kansa da ƙafarsa. Ba a ƙidaya masa wannan lokaci, amma an yanka masa sa'ar da zai isa, in ya makara a ci shi tara. Da yamma sai a tara lokutan zangunan duka, wanda nasa ya fi ƙanƙanta shi ya ci. Mutum yakan yini sa'a biyar ko shida a kan sirdi, alhali abin da za a auna shi da shi yawanci wajen rabin sa'a ne.

Akwai wata doka da ta zama ginshiƙin wasan: da keke guda ake gama yini. A manyan gasanni akan manna wa gangar jikin keken da ƙafafun gaba da wili biyu alama, wanda ya musanya ɗaya daga ciki a ƙara masa mintoci, tserensa ya lalace ke nan. Saboda haka tilas keken ya yi sauƙin hawa tudu, ya kuma jure dukan gangara. Waɗannan bukatu biyu kishiyoyin juna ne, kuma sasanta su shi ne dukan ilmin shirya keken enduro.

Wasan ya karɓu ga 'yan sha'awa domin ba a gwamutsa kafaɗa, kowa da agogo yake kokawa, kuma malamin makaranta ko direba yana iya bin irin hanyar da zakaru suka bi ya gwada lokacinsa da nasu. Sai dai dutse bai san ɗan koyo ba. Karayar ƙashin wuya, watau allon da ke tsakanin kafaɗa da ƙirji, da karayar wuyan hannu da buguwar kai, su ne raunukan da aka fi sani a wasan.

Ƙasar Hijaz da sharuɗɗanta

Saudiyya ta buɗe wa tseren keke ƙofa a 'yan shekarun nan. A 2020 aka yi gasar Saudi Tour, wadda daga 2024 ta koma AlUla Tour, kuma a 2025 Tom Pidcock na Ingila ya cinye ta, mutumin da ya ɗauki zinariyar keken dutse a Olamfik na Tokyo da na Paris. Amma wannan tseren kwalta ne na ƙwararru. Mai sha'awar gangaren dutse a yankin Makka da Jidda, idonsa yana kan tuddan Hada da Shafa ne, kusa da Ɗa'ifa, inda iska take da sanyi, ga itatuwa, ga gonakin fure, ga tsofaffin turakun makiyaya.

Dalilai uku ne suke tura wasan can sama. Na fari, zafi. A aikin Hajjin 2024 ma'aunin zafi ya nuna digiri 51.8 a Masallacin Harami, mahajjata fiye da 1,300 suka rasu a kwanakin. Iska kuwa takan yi sanyi da wajen digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau, don haka Hada takan fi Makka sauƙi da digiri 10 ko fiye. Na biyu, alfarmar Harami: a cikin iyakokinsa shari'a ta hana sare itacen da ya tsiro da kansa, ta hana cire ciyawa da firgita namun dawa, sharar turbar tsere kuwa ba ta yiwuwa sai da sassabe. Na uku, wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka, saboda haka duk taron da zai haɗa baƙi daga ƙasashe, a wajen iyaka za a yi shi.

Ƙasar da ke wajen iyakar kuwa tana da nata hali. Dutse ne mai kaifi, da tsakuwa da take gudu a ƙarƙashin taya, da ƙura, da itatuwan ƙaya 'yan uwan bagaruwa da farar ƙaya. Babu laka da jiƙaƙƙun saiwoyi irin na dazuzzukan Turai, inda aka ƙera yawancin kayan wasan aka kuma gwada su. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Bari mu bi keken gaɓa-gaɓa mu ga inda aron yake gazawa.

Taya da iska

Keken enduro yakan yi nauyin kilo 15 zuwa 17. Wilinsa inci 29 ne gaba da baya, ko kuwa 29 a gaba da 27.5 a baya, faɗin taya wajen inci biyu da rabi. Duk abin da mahayi zai yi, juyawa ko tsayawa, ta ɗan wurin da taya ta taɓa ƙasa yake bi, wurin da bai fi tafin hannu ba. Don haka da taya ake farawa.

Wanda ya saba da Raleigh ko Phoenix ya san a bunƙa wa taya iska har ta yi tauri kamar dutse. A nan akasin haka ake yi. A ma'aunin da masu faci suke aiki da shi, wanda tayar ƙaramar mota take shan 30 zuwa 35 a kansa, mahayi matsakaicin jiki yakan sa wa tayar gaba 22 zuwa 25, ta baya 25 zuwa 28. Taya mai laushi tana lanƙwasawa ta rungumi dutse, mai tauri kuwa tsalle take yi ta zame. Amma in laushin ya yi yawa, kaifin dutse zai matse ta har ya daki ƙarfen wili, ya tsaga roba ko ya lauye ƙarfen. A ƙasa irin ta Hijaz, inda kaifi ya yi yawa, gara a sayi taya mai kaurin gefe, ko da ta ƙara nauyi, da a cika wa siririya iska don tsoron fashewa.

Yawancin masu wasan sun daina sa tiyub. Ana liƙe cikin wili, a zuba ruwan danƙo a cikin tayar, in ƙaya ta huda sai danƙon ya bi iska ya toshe ramin ana cikin tafiya. A ƙasar ƙaya da tsidau wannan ba ƙaramar rahama ba ce. Sai dai zafi yana busar da danƙon da wuri. Abin da zai yi wata shida a ƙasar sanyi, a nan ya kamata a duba shi duk wata biyu. Kuma danƙo ba ya ɗinke tsaga mai faɗi, don haka tiyub guda da ƙaramin famfo ba sa barin jakar mahayi.

Akwai wani abu da ba kowa yake lura da shi ba. Iskar da ke cikin taya tana ƙara ƙarfi in ta yi zafi. Tayar da aka sa wa 24 a ɗaki mai na'urar sanyi, a digiri 20, in ta kai digiri 45 a bayan motar a-kori-kura sai ta nuna wajen 27. Haka kuma iskar sararin Hada ta fi ta Makka sauƙi, har bambancin ya kusa awo 3, don haka tayar da aka auna a kwari takan ƙara tauri a kan dutse, ko da yake sanyin can yana rage wani abu. A tayar mota wannan ba kome ba ne, amma a tayar da awo 2 yake raba riƙo da zamewa, babban abu ne. Ƙa'idar ita ce a auna iska a wurin da za a fara gangara, a lokacin da za a fara.

Shokazoba

Keken yana da shokazoba biyu, ɗaya a ƙafafun gaba, ɗaya a tsakiyar jiki domin wilin baya, kowace tana iya matsuwa milimita 150 zuwa 180 a wajen wili. A yawancinsu iska ce take aikin sifirin, mai kuma yana bi ta ƙananan ƙofofi yana rage musu gaggawa. Mutane da yawa suna zaton don jin daɗin zama aka yi su. Babban aikinsu shi ne su riƙe taya a manne da ƙasa, gama tayar da take sama ba ta juyawa, ba ta kuma tsayawa.

Abu na farko da ake daidaitawa shi ne lotsawa, watau yadda keken yake nutsewa in mai shi ya hau ya tsaya cik. Mahayi zai sa dukan kayan da zai yi tsere da su, har da ruwan sha, wani ya riƙe masa keken, ya hau a hankali, ya sauka a hankali, sa'an nan a auna inda ɗan zoben roba da ke jikin sandar ya tsaya. A baya ana neman kashi 25 zuwa 30 cikin 100, a gaba 15 zuwa 20. Alal misali, in sandar ta baya tana shiga milimita 60, to, a nemi 15 zuwa 18. In ya wuce haka a ƙara iska, in bai kai ba a rage. Hikimar ita ce wili ya sami sararin miƙewa ƙasa ya bi rami, kamar yadda yake da sararin tashi sama ya haye dutse. Daga nan za a gane cewa lambar da zakara ya faɗa a jarida ba ta da amfani ga wanda ya fi shi nauyi da kilo 20.

Na biyu shi ne saurin dawowa. In shokazoba tana dawowa da gaggawa bayan ta matsu, keken zai riƙa tutsu kamar ɗan doki, wilin baya ya cilla mahayi ta kan keke. In kuma tana jinkiri, dutse na biyu zai same ta ba ta gama miƙewa daga na farko ba, a haka za ta yi ta shigewa har ta ƙare, keken ya koma kamar ba shi da ita. Akwai ɗan maɓalli da ake murɗawa, kowace murɗa tana ƙara "ƙas". Hanyar nema ita ce a zaɓi ɗan guntun gangara mai duwatsu, a bi shi, a murɗa sau biyu, a sake bi, har a sami inda keken ya natsu. Abu ɗaya ake sakewa a lokaci guda, a kuma rubuta a littafi. Wanda ya murɗa uku tare, in abin ya gyaru bai san wanne ya gyara ba, in ya ɓaci ma haka.

Zafi ya shiga nan ma. Mai yana tsinkewa in ya ɗumama, sai dawowa ta ƙara sauri, iskar ciki kuma ta ƙara tauri. Keken da ya yi daidai da sanyin asuba a Shafa yana iya soma tutsu a ƙarshen doguwar gangara da hantsi. Mai hankali yakan daidaita nasa bayan ya ɗumama shi, ya kuma share ƙura daga sandunan bayan kowace fita, domin ƙurar da ta ratsa roba ta shiga ciki tana cin ƙarfe kamar magagari.

Birki

Labarin Repack bai tsufa ba. Mahayi da kekensa in sun kai kilo 90 suka sauko mita 1,000, ƙarfin da za su zubar ya isa ya tafasa ruwa lita biyu da rabi. Iska da gurzar taya suna ɗauke wani kashi, amma a gangara mai tsanani mafi yawansa a birki yake zama zafi. Birkin zamani faifai ne na ƙarfe a cibiyar wili, takalma biyu suna matse shi, mai ne kuma yake kai matsin daga hannu, kamar na mota. In zafi ya wuce kima takalman sukan yi santsi, ko man ya tafasa, mahayi ya ja hannun birki ya ji ya shige har ƙarshe babu kome.

Maganinsa uku ne. A sa babban faifai, milimita 200 ko 220, domin ya fi ƙarfi ya kuma fi saurin huce zafi. A zaɓi takalman da aka yi da garin ƙarfe, gama sun fi na danƙo jure wuta, ko da yake sun fi ƙara. A kuma sake mai a kan kari, da irin wanda maƙerin ya faɗa, domin iri biyu ne, kuma zuba wani a gurbin wani yana lalata robobin ciki. Sauran ya rage ga hannu: a kama birki da ƙarfi kafin kwana, a sake shi ya sha iska, maimakon a yi ta jansa tun daga sama har ƙasa. A kan tsakuwa kuwa, wilin da ya kulle ya daina riƙo, ja kawai yake yi.

Zama da riƙo

Kan keken, watau sandar da ake riƙewa, yakan zo da faɗin milimita 800. Wannan ya yi wa mutane da yawa yawa, kuma ana yanke shi kaɗan-kaɗan har ya dace da kafaɗa. Hannun birki a matsar da shi yadda manuniya ita kaɗai za ta kama ƙarshensa, sauran yatsu suna riƙe da kan. Sirdin kuwa yana da maɓalli: a tudu a ɗaga shi ƙafa ta miƙe, a gangara a sauke shi ya ba jiki wuri, domin a tsaye ake gangara, gwiwa da gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, kamar mahayin da ya tashi a kan likkafa. Giya yawanci 12 ce a baya da faranti guda a gaba. A ƙasar ƙura busasshen mai ko kaki ake sa wa sarƙa, domin mai mai danƙo yana tara yashi ya cinye ta.

Feda iri biyu ce, mai kama takalmi da shimfiɗaɗɗiya mai 'yan ƙusoshi. Yawancin ƙwararru ta farko suke sawa, amma Sam Hill na Ostareliya ya ɗauki kambin duniya sau uku a jere, daga 2017 zuwa 2019, da shimfiɗaɗɗiya. Ga ɗan koyo a kan tsakuwa ita ta fi, domin yana iya sauke ƙafa kafin ya faɗi.

Mahayin kansa

Sabon keken enduro na kirki yakan tasam ma dala 3,000, na ƙwararru ya wuce 10,000. Wannan ya sa mutane da yawa suke sayen na hannu, kuma babu laifi, in an duba tsaga a gangar jiki da lafiyar boris da shokazoba. Keke matsakaici da aka daidaita wa mai shi ya fi mai tsada da aka hau yadda ya fito daga kwali. Inda bai kamata a yi tsimi ba shi ne hular kwano mai rufe haɓa, da makarin gwiwa, da safar hannu. Hular da ta taɓa shan mummunan duka ta gama aikinta, ko da ba a ga tsaga ba.

A zafin Hijaz mai taka keke yana iya zubar da gumi fiye da lita guda a sa'a, kuma ƙishirwa tana fara taɓa hankali kafin ta taɓa ƙafa. Wanda ya bushe a hawa, shi yake kuskuren zaɓen hanya a gangara. Saboda haka lokacin sanyi da sassafe su ne na wasan, da ruwa isasshe da ɗan gishiri da dabino. Ruwan sama a duwatsun nan ba shi da yawa, amma in ya zo kwazazzabai sukan cika cikin mintoci, hazo kuma yakan rufe Hada har hukuma ta tsai da motoci. Birai masu yawa suna zaune a gefen hanyar, sun saba da abincin mutane, ba a buɗe jaka a gabansu. Ba a kuma shiga dutse mutum ɗaya, ba a gangara da gudu a turbar da ba a taɓa bi a hankali an gani ba.

Dukan abin da muka faɗa ya shafi ƙasarmu. Duwatsun Shere da ke kusa da Jos sun kai tsayin Ɗa'ifa, tsaunin Bagzan a Azbin ya wuce mita 2,000, ga Kufena a Zariya ga mai neman farawa da ƙarami. Kaifin dutse da ƙaya da ƙura da rana duk iri guda ne. Wanda yake da niyya, ya fara da sayen ma'aunin iska da ɗan littafin rubutu, ya nemi gangara guda da ya sani, ya yi ta binta yana sake abu ɗaya-ɗaya har ya san abin da kekensa yake faɗa masa. Gudu yana zuwa daga baya, gama an ce tafiya sannu-sannu kwana nesa.